Yadda Yaƙin Hitila Ya Shigo Har Rumbunan Talakawan Nijeriya

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san Barikin Dalet, mutanen Zariya sun san Chindit, a Legas kuma ga Dodan da Arakan da Myohaung. Sunayen nan tsarabar Bama ce, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu. Sojojin Nijeriya ne suka dawo da su daga dazuzzukan da suka gwabza da Japan a 1944 da 1945. Wannan ɓangaren na Yaƙin Duniya na Biyu bai ɓace ba, tunda an rubuta shi a ƙofar bariki, kuma da wuya ka shiga tsohon gari ka rasa gidan da ake cewa kakansu ya je Bama. Wanda ya ɓace shi ne labarin mutanen da ba su sa kaki ba, ba su taɓa riƙe bindiga ba, amma yaƙin ya iske su har cikin gonakinsu. A ganina a nan ne nauyin ya fi sauka, kuma sai an duba nan za a gane zafin da siyasar Arewa ta ɗauka daga 1950 zuwa gaba.

Mu fara da yadda aka shiga. Ranar 1 ga Satumba 1939 Jamus ta afka wa Folan. Ranar 3 ga wata, Firayim Ministan Birtaniya Neville Chamberlain ya shelanta cewa ƙasarsa ta ɗaura yaƙi da Jamus. Ƙasashen Turawa da ke cikin daular Ingila yawancinsu sun zauna sun yi shawara da kansu. Kanada sai da majalisarta ta yi muhawara, ta shiga ranar 10 ga wata. A Afirka ta Kudu maganar ta raba majalisa biyu, ƙuri'a 80 da 67, har Firayim Minista Hertzog ya rasa kujerarsa, Janar Smuts ya hau. Ailan ta ce ba ruwanta, kuma haka ta zauna har aka gama. A Indiya ba a tambayi kowa ba, shi ya sa ministocin jam'iyyar Congress suka ajiye muƙamansu don nuna fushi.

Nijeriya fa? Da Landan ta faɗa, magana ta ƙare. Gwamna Bernard Bourdillon ya isar da saƙo, shi ke nan. Akwai Majalisar Dokoki a Legas, amma mutum 4 kacal ne zaɓaɓɓu a cikinta, 3 daga Legas, 1 daga Kalaba, kuma ikonta bai ma kai Arewa ba. Dokar Arewa gwamna ne yake yinta da alƙalaminsa, haka aka tafi har 1947. Ke nan manomin Daura ko na Misau an ɗaura masa yaƙi da wata ƙasa da bai taɓa ganin mutuminta ba, kuma ba shi da ko wakili ɗaya a ɗakin da za a iya tambayar dalili.

Amma kada a ɗauka kowa ya shiga ne yana ƙunƙuni. Sarakuna, tun daga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sun nuna goyon bayansu, aka yi ta addu'o'i. 'Yan bokon Legas, waɗanda ba su da aiki sai sukar gwamna, su ma sun tsaya bayan Ingila a kan wannan. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Sun san abin da Hitila yake faɗa a kan baƙar fata. Sun san Jamus tana neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin 1914, ga Kamaru nan a maƙwabta. Kuma har lokacin ciwon abin da Italiya ta yi wa Habasha a 1935 bai warke ba. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta riƙa kai labarin fagen fama da Hausa. Kwafi ɗaya yakan zagaya unguwa, mai karatun boko ya zauna a zaure yana karantawa da ƙarfi, dattawa na sauraro suna jinjina kai.

Watanni tara na farko yaƙin labari ne na nesa. A Yunin 1940 ya matso kusa. Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shigo ɓangaren Hitila. Sai a ɗauko taswira a duba: a lokacin Nijeriya kewaye take da ƙasashen da Faransa ke mulka. Babban gwamnan Faransa da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, don haka Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suka zama ƙasashen da ake yi wa kallon abokan gaba. Iyakar da Bakatsine yake ƙetarawa zuwa Maraɗi ya gaida kawunsa, ko Bakano zuwa Damagaram da kayan koli, aka ƙulle ta, aka zuba masu gadi, fatauci ya koma fasa-ƙwauri. Haka aka zauna har Nuwamban 1942. Ta gabas kuwa al'amarin ya sha bamban. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agustan 1940, washegari Kamaru ta bi sahu.

Matakin da Éboué ya ɗauka shi ya ɗora Kano a kan taswirar yaƙi. Tekun Bahar Rum ya zama tarko, ga sojojin Ingila a Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Sai aka ɓullo da wata hanya: a kawo jirage a wargaje cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yanzu, El Fasher, Hartum, har Alƙahira. Daga Satumban 1940 dubban jirage sun bi wannan layi. Filin jirgin Kano, inda jirgi ya fara sauka a 1925, ya cika da matuƙa da makanikai, daga baya har da Amurkawa. Jamus ta san da zaman hanyar, domin a Janairun 1942 wani jirginta ya ratso hamada ya jefa bam a filin Fort Lamy.

Maganar sojoji sananniya ce, ba sai an daɗe a kanta ba. Birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka kama Mogadishu a Fabrairun 1941, suka kora Italiyawa har cikin Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Indiya, daga nan Bama. Kafin a gama, 'yan Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki. Da yawansu ba bindiga aka ba su ba, dako suka yi, suna ɗauke da harsasai da abinci a ka cikin kwazazzabai inda mota ba ta shiga. Abin da ya kamata a riƙe shi ne hanyar da aka samo su. A takarda, sa-kai ne. A ƙasa kuwa, Razdan, Baturen da ke kula da lardi, shi ne yake gaya wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni. Akwai waɗanda suka tafi da ƙafarsu don albashi ko don suna. Akwai kuma waɗanda aka nuna da yatsa: maraya, baƙo, wanda haraji ya hau kansa, wanda ba ya ga-maciji da mai gari.

Wannan tsanin na En'e, wato hukumar sarakuna, daga Razdan zuwa mai unguwa, shi ne jigon labarin gaba ɗaya. Turawan mulki 'yan kaɗan ne a Arewa, yaƙi kuma ya ƙara rage su. Duk abin da Landan take so, ko mutum, ko hatsi, ko kuɗi, ta wannan tsanin yake saukowa, kuma fuskar da talaka yake gani a ƙofar gidansa ba ta Bature ba ce, ta dogari ce.

Bukatar ta kai maƙura ne a 1942. Ranar 15 ga Fabrairu Singafo ta faɗi hannun Japan, Malaya da tsibiran da ake kira Indonesiya yanzu duk suka tafi. Can ne ake samun mafi yawan kuza da robar duniya a lokacin, can ne kuma ake samun manja mai yawa. Kuza ba abin wasa ba ce a lokacin yaƙi: da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙe wayoyin rediyo da na jirage, tana shiga ƙarafan injuna. Ido ya dawo kan tsaunukan Jos. Kamfanonin haƙar kuza, babbansu Amalgamated Tin Mines of Nigeria, suka ce ba su da isassun leburori, kuma sabbin injuna ba sa samuwa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara lada har mutane su zo da kansu. Ba a bi wannan ba. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, abin da mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna.

Daga 1942 zuwa 1944, mutanen da aka ɗiba sun kai kimanin 100,000, daga larduna irin su Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, Bauci, Barno da Binuwai. Ana ɗaukar mutum na wata huɗu, in ya gama a kawo wani a madadinsa. A tsaya a dubi mutum ɗaya daga cikinsu. Manomi ne daga ƙasar Zamfara, bai san sanyin da ya wuce na hunturun garinsu ba. An tattara su a ƙofar hakimi, an kora su zuwa tasha, an loda su a taragon kaya. Ya sauka a kan tudun da ya haura ƙafa 4,000, daga shi sai 'yar taguwa da wando. Masaukinsa bukkar ciyawa ce da aka kafa cikin gaggawa, mutane cunkushe. Da asuba zai gangara rami, a cika masa kwano da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗora a ka ya hau gangare ya juye a wurin wanki, ya koma, haka har yamma. Ƙafarsa cikin ruwan sanyi take wuni. Abincinsa awon hatsi ne da ba ya isa, itacen girki kuma sai an sha wuya, tunda tudun ba shi da itatuwa sosai. Ciwon haƙarƙari da atuni da sauran cututtukan cunkoso suka yi ta ɗauke mutane. Wurin da ya fi ƙaurin suna shi ne aikin madatsar ruwa ta Tenti, inda mace-mace suka yi yawa har hukuma ta kasa rufe zancen. Dubbai sun gudu, suka kama hanyar gida a ƙafa, wasu ba su isa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Birtaniya ta san abin da take yi. Ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, wadda ta fito ƙarara ta haramta tilasta wa mutum yi wa kamfani mai zaman kansa aiki. Sai dai yarjejeniyar ta bar ƙofa ga lokacin yaƙi, ta nan aka bi. Kamfanonin nan ba na gwamnati ba ne, masu hannun jarinsu suna Landan suna karɓar riba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. 'Yan majalisar Ingila na jam'iyyar Leba, irin su Arthur Creech Jones, sun yi ta tayar da maganar, a 1944 aka soke tsarin. Kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000 a 1943, wanda shi ne ƙololuwa, amma in aka auna ƙarin da yawan mutanen da aka zuba, bai taka kara ya karya ba. Mai yunwa da zazzaɓi, wanda zuciyarsa ke gida, ba ya haƙa kamar wanda ya zo neman kuɗi da kansa.

Ɓarnar ba ta tsaya a bakin rami ba. Duk wanda aka ɗiba da damina, gonarsa ta rasa hannu. Sannan waɗannan dubban leburori, da sojojin da ke barikoki, da ma'aikatan filayen jirgi, dole su ci. Don haka ta wancan tsanin dai aka sake saukowa, wannan karon neman gero da dawa. Aka yanka wa gundumomi adadin buhunan da za su kawo, a farashin da gwamnati ta sa, wanda bai kai na kasuwa ba. Sai abin ya zo daidai da ƙarancin ruwa. Yunwar 1942 zuwa 1943, wadda tsofaffi a ƙasar Katsina da kewaye suke kira 'Yar Gusau, ta samu mutane rumbunansu a rarake. Fari daga Allah ne, babu mai musu. Amma ajiyar da magidanci yake yi ta shekara biyu ko uku saboda irin wannan rana, ita ce aka riga aka auna aka tafi da ita.

Gyaɗa kuma nata salon daban ne. Ingila na bukatar man girki da sabulu, don haka aka matsa wa manoma su ƙara nomanta, ana yi musu shela cewa kowane buhu harsashi ne a kan Hitila. A 1942 aka faɗaɗa hukumar da ke sayen koko ta zama hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma, gyaɗa da kwakwar manja suka shiga hannunta. Ita kaɗai ce mai fitarwa waje, ita ke yanka farashi. Manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt suka zama wakilanta, aka raba musu kaso gwargwadon cinikin da kowa ya saba yi kafin yaƙi, abin da ya toshe wa ƙananan 'yan kasuwa na gida hanyar girma. Manomi ya kai gyaɗarsa bakin sikeli, babu ciniki, babu zuwa kantin gaba a gwada sa'a. Ya karɓi 'yan sulallansa ya shiga kasuwa, sai ya tarar ba abin saye. Jiragen ruwa sun koma jigilar makamai, waɗanda suka rage kuma jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna nutsar da su. Akoko da atamfa suka yi wuya, kananzir ya ɓace, gishirin kanti ya zama sai an yi layi. Masaƙa da marina da masu kawo gishirin Bilma da mangul sun ɗan farfaɗo a wannan tsakanin, wannan kam alheri ne da ya faɗo ba da niyya ba.

A kan duk wannan aka ɗora gudunmawa. An buɗe asusun taimakon yaƙi, En'e-En'e suka ba da daga baitulmali, ma'aikata aka yanka daga albashinsu, 'yan makaranta suka kawo kwabo da anini. Kuɗin da aka tara don sayen jiragen yaƙi ya sa har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya. Wasu sun ba da da zuciya ɗaya. Amma gudunmawar da dagaci ya zo karɓa da dogari a bayansa, kowa ya san sunanta.

A birane, tsadar rayuwa ce ta fara tayar da ƙura. Ma'aikatan jirgin ƙasa ƙarƙashin Michael Imoudu suka matsa har aka ba da kuɗin rage raɗaɗin tsada a 1942. Gwamnati ta tsare Imoudu a 1943, ba ta sake shi ba sai 1945. A Legas an kafa kasuwannin ƙayyade farashi ƙarƙashin Kyaftin Pullen, matan kasuwa suka ƙi, kaya suka koma bayan fage. A 1944 ɗaliban King's College suka yi bore saboda an ba soja ɗakunan kwanansu, hukuma ta hukunta jagororinsu ta hanyar tura su aikin soja. Fushin wannan na cikin abin da ya haifi jam'iyyar NCNC a Agustan shekarar, Herbert Macaulay na shugaba, Nnamdi Azikiwe na sakatare. Wata ɗaya da rabi bayan Jamus ta miƙa wuya, a Yunin 1945, dubban ma'aikata suka tsunduma yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40. Jirgin ƙasa ya tsaya cak daga Legas har Kano.

Akwai kuma alkawarin da aka ji da kunne. A Agustan 1941 Firayim Ministan Birtaniya Churchill da Shugaban Amurka Roosevelt suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so. Wata guda bayan haka Churchill ya gaya wa majalisarsa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. A 1943, da aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai yana kafa hujja da wannan sanarwa. Abubakar Imam yana cikin tawagar, bai sa hannu ba, domin yana ganin Arewa ba ta shirya ba. Amma a wannan tafiyar ce ya gana da Lugard, ya zayyana masa yadda talaka yake shan wuya a hannun masu riƙe da En'e da yadda ake toshe bakin matasa masu ilimi. Damuwar Arewa a lokacin ta fi karkata ga wanda ke tsaye a ƙofar gida fiye da wanda ke Landan.

Ba na cewa yaƙi kaɗai ne ya haifi siyasar Arewa. Makarantu sun yi nasu, jaridu sun yi nasu. Amma a duba lokutan. A 1943 da 1944 ne Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman tattaunawa a Bauci, lardin da ke maƙwabtaka da ramukan kuza. A 1946 sojojin da suka je Bama suka yi ta dawowa, sun ga Indiya tana shirin karɓar 'yanci, sun ga Bature yana tsoro yana mutuwa kamar kowa, da yawansu kuma suka tarar babu aikin da aka yi musu alkawari. Ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, a watan ne kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Da 'yan NEPU suka shiga ƙauyuka suna maganar aikin tilas da kamen hatsi da zaluncin dogarai, ba sabon karatu suke koya wa kowa ba. Masu sauraronsu su ne waɗanda aka ɗiba shekara bakwai ko takwas da suka wuce, ko ƙannensu, ko matan da aka bari da gona.

Tsarin sayen amfanin gona kuwa, wanda aka ce na lokacin yaƙi ne kawai, bai tafi da yaƙin ba. Ribar da hukumar ta tara ita aka raba aka kafa sabbin hukumomi da ita: ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. A 1954 aka mayar da su hannun jihohi, gwamnatin Jihar Arewa ta gaji tata. Da rarar da ake tsakura daga farashin gyaɗa da auduga aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu da dama a zamanin Sardauna, kuma da ita jam'iyyun da ke mulki a kowace jiha suka yi ƙarfi. Manomi ya ci gaba da kai kayansa bakin sikeli a farashin da wani ya yanka masa a ofis har 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin.